Makon Verna a Bakin Tafki

Ranar Talata Verna Kolb ta sayi mako guda na har abada daga hannun ƙaninta, alhali likita ya riga ya gaya mata ba za ta ga ƙarshen hunturun bana ba. Emmett Rasche aka kira ya zama shaida, don bango ɗaya ne ya raba gidansa da nata, kuma a duk layin shi kaɗai ne ba ya zuwa ko'ina.

A kicin ya same su. Wendell, ƙanin nata, ya cika kujera da jiki yana murza hularsa, kamar wanda ya zo gaisuwar mutuwa tun ba a mutu ba. Takardu na kan tebur kusa da kwalaben magani. Abin da ake ciniki a kai ɗakuna biyu ne da falo a wani masaukin hutu na bakin tafki, can arewacin Michigan. Ba ɗakunan ake saya ba, mako ɗaya ne a cikinsu kowace shekara. Sauran makonnin na wasu ne da ba za ka taɓa gani ba. Shi kuma makon Wendell a tsakiyar Nuwamba ya faɗo, lokacin da ganye ya gama zuba, dusar ƙanƙarar da ake wasa a kai ba ta sauka ba, ko kare ba ya sha'awar yawo.

Emmett tarihi ya koyar a sakandare har ya yi ritaya, kuma mutum ne da ko takardar cikin kwalin magani ba ya yarwa sai ya karance ta. Ya sa tabarau ya bi yarjejeniyar layi-layi. Kuɗin gyara duk shekara, ko ka je ko ba ka je ba, kuma kullum hawa yake. Ba ranar ƙarewa. Ya cire tabarau, bai ko dubi Wendell ba.

"Verna, an cuce ki."

"Sa hannu, Farfesa. Shaida na kira ka, ba alƙali ba."

Ta zaro dala ɗaya daga jakarta ta tura wa ƙaninta. Wendell ya ce haba Yaya, ta bar shi kawai. Ta ce ita ba kyauta take karɓa ba, saya take yi, ya ɗauki kuɗinsa. Ya ɗauka, kunnuwansa sun yi ja. Emmett ya sa hannu, ba don ya yarda ba, sai don ya san in ya ƙi, wani za a kira, shi kuma ba zai taɓa jin ƙarshen maganar ba.

Tun rasuwar matarsa Joyce, Emmett ya sallami jama'a. Matan unguwa da suka yi ta kawo masa abinci a lokacin, ya mayar musu da kwanukansu a wanke tare da bayanin abin da ya yi ƙaranci a girkin, suka daina zuwa. Verna ce kawai ba ta yi zuciya ba. Kowace safiya takan buga bango da ƙotar tsintsiya, shi kuma ya mayar mata da bugu da bayan littafi, ma'ana kowa ya wayi gari. Wani lokacin sai su yi mako ba su haɗa ido ba. Wannan zumuncin ya yi masa daidai.

Amma yanzu ya kasa karatu. Ya buɗe littafi, sai dala ɗayan nan ta tsaya masa a tsakiyar shafi. Ya ce ko magani ne ya taɓa mata kai. Amma matar da ta gyara wa Wendell kuskuren kwanan wata a takarda kanta lafiya lau yake. Ya ce ko Wendell ne ya matsa mata. Amma Wendell ko kyanwarsa ba ya iya korewa daga kan kujera. Har ya kai ga tunanin ko akwai wani tsohon masoyi da aka binne a bakin tafkin, sai ya ji kunyar kansa, ya ce wannan ai tunanin masu karanta littattafan tashar mota ne. Da abin ya ishe shi, ya ɗumama miyar gwangwani, ya juye a kwano don ta yi kama da ta gida, ya buga mata ƙofa.

Ta ɗanɗana, ta ce ta san kamfanin, sun fi iya ta tumatir. Sannan ta ce ya zauna ya yi tambayarsa kafin ta kashe shi.

Ba ta ɓoye masa komai ba. Wendell ya sayi makon ne tun yana saurayin ango, ya je sau ɗaya, ruwan sama ya kore shi. Tun daga nan yake biya. Ya sa a kasuwa, ba mai so ko a kyauta. Ya roƙi masu masaukin su karɓi abinsu, suka ce ai nasa ne har abada, suna taya shi murna. Yanzu matarsa ba lafiya, shi ma gwiwa ta hana shi aiki. Ita kuwa Verna ba miji, ba ɗa, gidan haya, motarta ta sayar. Wani lauya a cocinsu ya tabbatar mata cewa in ta mutu da abin a hannunta, dangi suka ce ba sa son gadon, ba wanda za a kama.

"Sun ce har abada," in ji ta. "To, nawa har abadan bai wuce Kirsimeti ba. Su zo su karɓa a inda za ni."

Emmett ya daɗe bai ji abin da ya burge shi haka ba, shi ya sa ya ce mata dabara ce irin ta ɓarayin zaune. Ta ce ta gode.

Magana ba ta kwana a coci. Kafin wata ya ƙare, Verna ta zama kamar mai shirin tafiya gida, kowa na kawo saƙo. Wata mata ta zo da wainar tuffa da nata makon na Florida. Wani dattijo ya tambaya cikin ladabi ko za ta iya haɗawa da wani fili da ya saya a hamada bai taɓa gani ba. Emmett yana jin su ta bango. Duk ta ci wainarsu ta sallame su, ta ce ita ba motar kwasar shara ba ce, kayan ɗan'uwanta kawai za ta ɗauka.

Ya ɗauka magana ta ƙare ke nan. Sai ga shi a farkon Nuwamba ta aiko a kira shi. Ta rame, zoben hannunta ya koma babban yatsa, robar iskar numfashi a hancinta. Ta ce ya duba mata lafiyar motarsa.

Ya ce ai dabarar ba ta buƙatar ta je ko'ina, zama kawai za ta yi ta mutu, kuma ya ga ta kama hanya.

"Tun da aka haife ni a gidan wani nake kwana," ta ce. "Ko ƙusa zan buga sai na nemi izini. Yanzu ina da wuri, da sunana a takarda. Sai in tafi ban ga abina ba?"

Ma'aikaciyar jinyar da ke zuwa duba ta ta ce sam. Da ta ga Verna ta fara ninke riguna, sai ta koma rubuta wa Emmett sunan asibitin da ya fi kusa da tafkin, ta nuna masa yadda ake canza tukunyar iska. Ranar Asabar suka bar garinsu Toledo, Verna a kujerar gaba cikin bargo, shi yana tuƙi yana faɗa wa kowace babbar mota ra'ayinsa a kanta.

Masaukin bai ba shi kunya ba. An rufe wurin ninkaya da tamfol, ganye ya taru a kai. Kantin abinci a kulle sai bazara. Matar da ke ba da mabuɗi ta duba na'urarta, ta sake dubawa, ta ce tun da ta kama aiki ba ta taɓa ganin mai wannan makon ba. A ciki kafet ne mai launin miyar da ta kwana, da hoton jirgin ruwa da aka ɗaure a bango da ƙusoshi, kamar akwai wanda zai sata. Verna ta bi ɗakunan da sandarta tana taɓa komai. Ta buɗe durowar cokula ta rufe. Ta ce labulen bai yi mata ba, amma za ta yi haƙuri da shi. Sannan ta sa Emmett ya jawo mata babbar kujera daga gaban talabijin zuwa bakin taga. Ya ce doka ta hana matsar da kaya. Ta ce gidanta ne.

Da safe ya ji bugu a bangon ɗakinsa, da sanda wannan karon. Ya mayar da littafi. Da ya kawo mata kofi, tana kallon tafkin da ya yi toka-toka kamar tsohon faranti, ta ce, "To, Farfesa, an cuce ni?"

Ya ce ruwan zafin banɗaki sai ya ga dama yake zuwa.

Haka ta riƙa yi masa tambayar kowace safiya, shi kuma bai taɓa rasa amsa ba. Katifa ta lotsa. Tukunya ɗaya ce a kicin, ita ma ba murfi. Ta kan yi dariya har tari ya kama ta, ta ce Joyce ta yi ƙoƙari da ta iya zama da shi.

Ranar Laraba da hantsi suka ji wata irin hayaniya daga sama, kamar taron mata a nesa ana ta guɗa. Emmett ya ɗaga labule. Fararen tsuntsayen ruwa ne, manya, masu dogon wuya, suna saukowa ayari-ayari, suna jan ƙafa a kan ruwa kafin su zauna. Kafin kofi ya huce, bakin tafkin ya yi fari fat har inda ido ya tsaya. Ya san su. Ya karanta cewa daga can ƙarshen arewa suke tasowa in ƙanƙara ta rufe musu ruwa, su yada zango 'yan kwanaki, su wuce gabar teku. Ya fara yi mata bayanin hanyar da suke bi da abin da suke ci.

"Emmett," ta ce, ba ta juyo ba. "Yi shiru."

Ya jawo kujerar cin abinci ya zauna kusa da ita. Abin da bai faɗa ba shi ne, duk karatun nan, bai taɓa ganinsu da ido ba. Suka wuni a nan. Can ta ce wato Wendell ya yi rabin rayuwarsa yana biya wa agwagi masauki bai sani ba. Daren nan Emmett ya yi barcin da rabonsa da irinsa tun Joyce na raye.

Washegari ta yi tambayarta. Amsar tana bakinsa, a shirye, gajeriya. Sai ya ji kansa yana cewa tagar tana shigo da iska ta ƙasa, ya kamata a kai ƙara. Ya ce a ransa gobe ma rana ce, kuma Asabar ta fi dacewa, a mota, in ba sai sun dubi juna ba.

Da la'asar numfashinta ya sarƙe. Ya canza tukunyar iska, bai yi amfani ba, ya kira motar asibiti. Suna ɗaure ta a gadon ɗauka ta kamo hannun rigarsa, ta janye robar daga fuskarta.

"Ka zauna ka cinye min makona. Kada ka bar musu ko kwana ɗaya."

Ba ta sake farkawa sosai ba. Wendell ya iso ranar Juma'a da rana, da hularsa a hannu, ya samu sauran numfashi kaɗan, ta cika a gabansa. A barandar asibitin ya zaro dala ɗayan nan daga walat, a ninke, ya nuna wa Emmett, ya ce ya rasa yadda zai yi da ita. Sannan ya tambaya ko Yaya ta ga wurin da kyau, ko dai ya jefa ta a wahala. Emmett ya ce ta ce labulen bai yi mata ba. Wendell ya yi dariya, dariyar ta juye masa, ya rufe fuska da hula.

Emmett ya koma masaukin ya kwana, tunda an sa shi. Da safiyar Asabar ya farka ya kwanta yana jiran bango, littafi a hannu, har ya tuna ba mai bugawa. Ya haɗa kayanta. Ya wanke kofuna biyun, ya kife su. Matar mabuɗi ta leƙo ta yi masa ta'aziyya, ta tuna masa a hankali cewa masu mako na gaba suna hanya, kuma a mayar da kujera inda take. Ya ce to.

Bai mayar ba. Ya tsaya a bayan kujerar, hannunsa a kan inda kanta ya lotsa matashin. Yawancin tsuntsayen sun tashi, saura 'yan kaɗan can nesa suna tsoma kai a ruwa. Ba a cuce ki ba, Verna. Maganar ba ta fi haka ba, kuma ya ga ko yanzu ta ƙi fita. Ya ajiye mabuɗin a kan tebur, ya bar labulen a buɗe, ya jawo ƙofa.