Ranar da Gajere Ya Mayar da Hularsa

Kawu ya fi shekara ashirin yana kula da ɗakin fitilu a bakin ramin kwal, amma bai taɓa ɗaukar hular da ta yi masa nauyi kamar wadda Gajere ya ajiye masa a kan kanta ranar nan ba.

"Na gama, Kawu. Sa mini hannu a takardar barin aiki."

A da, batirin fitila a ƙugu ake rataya shi ta baya, mutum ba ya iya ɗaura wa kansa. Dole ka juya wa wani baya ya ɗaure maka, kai ma ka ɗaure masa. A nan ake tsiya, a nan ake jin wanda matarsa ta haihu da wanda bai karya ba. Wanda ya ɗaure maka da safe kuwa ba zai fito ya bar ka a ƙasa ba. Mutane sukan tsufa a aikin nan. Yanzu an kawo fitila manne da hula, kowa ya sunkuci tasa ya wuce kamar an aiko shi. Kafin ka riƙe sunan mutum ya ƙara gaba. Kawu yana kewar wancan zamani, kuma ba ya ɓoyewa.

Cikin 'yan da, Gajere kaɗai ya rage. Shi kaɗai ke buga rufin rami da guduma ya gane daga ƙarar ko dutse na shirin zubowa. In ya tafi, mutum arba'in za su riƙa shiga ƙasa ba mai saurara musu.

"Haba Gajere, tsufa ne ko fushi?"

"Shekaranjiya amalanken kwal ya danne mini ƙafa. Mutum huɗu suka wuce ni. Kowa ya ce mini sannu, wallahi da ladabi."

Kawu ya fara dariya, sai ya fasa.

"To ka dubi Allah ka ƙara wata shida. Ka koya wa ko da mutum ɗaya bugun rufin nan, sannan ka tafi."

"Mutum biyar na koya wa bana." Gajere ya nuna allon sunayen ma'aikata da haɓa. "Nuna mini ɗaya da ya rage."

Kawu ya sa tabarau, ya bi allon da yatsa daga sama har ƙasa. Ya sake bi. Sannan ya jawo takardar ya sa hannu. A waje, masu shiga aikin rana sun fara layi.