A Bakin Tsagar Ƙasan Teku

Shekara ashirin Farfesa ta yi tana auna maganaɗisun duwatsun ƙasan teku daga saman jirgi, tana bin yadda ɓangarorin ƙasa biyu ke rabuwa a hankali. Sai bana ta samu damar sauka da kanta a ƙaramin jirgin nutso, daga ita sai matuƙi.

Da suka isa bakin tsagar da ke tsakanin ɓangarorin biyu, matuƙin ya miƙa hannun ƙarfen jirgin zai ɓallo mata dutse, sai gefen tsagar ya rufto ya danne hannun. Jirgin ya karkace, fitilun waje suka mutu.

"Iskar awa nawa ta rage mana?" ta tambaya.

"Farfesa, bar wannan tambayar. Riƙe kujerarki da kyau."

Ya ja mariƙin da ke raba hannun da jikin jirgin, shiru. Tana jin bangon jirgin yana ƙara saboda nauyin ruwa, ba abin da take maimaitawa sai sunan 'yarta. A ja na uku hannun ya cire, suka fara tasowa.

Da suka iso saman ruwa aka buɗe murfin jirgin, mutum biyu suka tallafo ta suka fito da ita.