Kekunan Ɗinki Goma

Ƙanena bai taɓa zura zare a allura ba, amma da ya ji an ce shagunan layinmu sun yi daraja, sai ya tuna cewa shagon ɗinkin da mahaifinmu ya bari namu ne mu biyu. Ya ce ko in biya shi rabinsa, ko a sayar a raba. Ni kuwa shekara arba'in ke nan a shagon nan nake samun na tuwo.

Ranar Talata ya zo da mai ƙiyasi, wani dogo mai jaka, yana ɗaga ƙafa kamar ƙyallayen da ke ƙasa za su cije shi. Bai tambayi masu kawo mini ɗinki ba, bai dubi ko wuyan riga ɗaya ba. Littafi ya buɗe.

"Baba, kowace sana'a da ma'auninta," in ji shi. "Wurin aski a ƙirga kujeru, masauki a ƙirga gadaje. Shagon ɗinki, tunda ɗakin na haya ne, kekuna ake ƙirgawa."

Ya bi bango da bakin biro. Goma.

To, keke ɗaya ne ke ɗinki a shagon, wani baƙi mummuna mai kukan akuya. Sauran taran gawa ne. Na tsinto su nan da can saboda ina son kallonsu: akwai mai zanen ɗawisu a wuya, akwai wanda aka ƙera wa mai hagu, akwai ɗan ƙaramin da har yau ban gano abin da aka yi shi ya ɗinka ba.

"Malam, tara ba sa motsi," na ce.

Ya duba littafin, ya juya shafi. "Babu gurbin wannan."

"Ko tsoron Allah babu gurbinsa?"

"Yaya, ka daina ja da ilimi," in ji ƙanena, yana washe baki. "Mutumin nan ya yi karatu. Abin da littafi ya ce, shi na yarda da shi."

Kuɗin da mai jaka ya ambata, ko ni aka haɗa da shagon aka sayar ba za mu kai rabinsu ba. Na dubi keken mai ɗawisu. Sai na leƙa na kira mai wanki, maƙwabcina, na ce ƙanena ya maimaita maganarsa a gabansa. Ya maimaita har da dukan ƙirji.

"Malam mai littafi," na ce, "a wurinka duk keke keke ne?"

"Farashi ɗaya."

"Rabin goma fa?"

"Biyar," ya ce, yana mamakin jahilcina.

"To, ƙanena, kuɗi ba ni da su. Ga kekuna biyar, kwashi rabonka."

Mai wanki ya toshe baki da rigar wani. Ƙanena ya juya ga mutuminsa. "Ai matattu ne."

"Babu gurbin wannan," in ji mai jaka a hankali. Ya rufe littafi, ya nemi ladan aikinsa.

Ƙanena ya miƙa hannu ga baƙin keken, mai wanki ya tuna masa cewa farashi ɗaya ne, kuma wannan akwai wandon mutane a bakinsa. Don haushi ya zaɓi waɗanda ya ga idona a kansu. Ɗawisun ya fara ɗauka.

An ce wurin mai gwangwan ya kai su, aka auna a kilo, kuɗin bai ko biya mai jaka ba. Shago dai ya tsaya a hannuna. Inda ɗawisun ya zauna shekara ashirin akwai tabo mai kusurwa huɗu a kan kanta, na hana a goge.