Iƙamar Hajjo

Faya ta fashe wa Muhibba da hantsi, daidai lokacin da motocin 'yan sanda biyu suka toshe bakin layinsu a Al-Naseem.

Mijinta Tamimu ya leƙa ta taga, ya saki labule da sauri. Shi yana da iƙama, katin zama na direban gida. Ita kuwa da bizar umra ta shigo Riyad shekara biyu da suka wuce, ba ta koma ba. Tun da wa'adin afuwa ya ƙare a makon jiya aka shiga kame, ko bakin ƙofa ba ta sake takawa ba.

"Malam, zan mutu," ta ce, tana damƙe da ƙafar gado.

Hajjo, maƙwabciyarsu da ta zo karɓar haihuwa, ta goge hannu ta miƙe. "Yaron nan a gicciye yake. Wannan ya fi ƙarfina, sai asibiti."

"Da wace takarda, Yaya Hajjo?" in ji Tamimu.

Ta zaro kati daga jakarta ta cusa masa a hannu. "Ga iƙamata. Ta sa niƙabi, daga yanzu ita ce Hajjo matar Arzika. Wa zai ɗaga fuskar mai naƙuda?"

"Kyamarar bakin layi fa? An ce fuska take ɗauka ta aika ofishin fasfo."

"An ce, an ce! Jiya a kanti har cewa aka yi cikin ɗaki take gani. Mu a baƙar abaya ai duk buhun gawayi ne a wurinta. Ɗauki matarka, bawan Allah!"

Ya kwantar da Muhibba a bayan motar kafilinsa, Balaraben da sunansa ke kan takardunsa. A shingen, ɗan sanda ya karɓi katunan biyu yana juya su.

"Matarka ce?"

"Matar maƙwabcina ce. Mijin yana wurin aiki."

Muhibba ta saki wata ƙara da ba ta shirya ba. Ɗan sandan ya ja da baya ya miƙo katunan. "Yalla, wuce!"

A mahaɗar titi ta biyu danja ta yi ja, Tamimu bai taka birki ba. Kyamarar Sahir, mai kama masu karya dokar hanya, ta watsa masa haske a fuska. Ya san saƙo zai faɗa wayar kafili da wuri da lokaci, alhali ya ce masa wankin mota zai je. Kafin su isa asibiti wayarsa ta yi ƙara sau huɗu. Bai ɗauka ba.

Aka rubuta sunan da ke kan kati, aka tura gadon da gudu. Likita bai jira sa hannun kowa ba, ya ce tiyata.

Tamimu ya zauna a baranda. Wata baƙar kyamara na manne a rufi saitin kansa. Ya juya mata baya, sai ya ga juya bayan ma tonon asiri ne, ya gyara zama. Can ƙarshen barandar akwai wata, a bakin lif akwai wata.

Ana kiran azahar nas ta fito da jariri a naɗe cikin farin tawul. Namiji. Hancin mahaifin Tamimu ne sak. A tsintsiyar hannunsa an ɗaura roba mai rubutu: ɗan Hajjo.

"Kai ne uban?"

Ya sake duban robar. "Maƙwabci ne ni."

"To kira uban ya zo ya sa hannu."

"Bari in yi masa kiran salla a kunne kafin ya iso."

Ta ba shi. Ya yi kiran a hankali, ya raɗa masa sunan da ya tanada tun cikin na wata uku, Buraima. Nas ta karɓe shi ta shige.

Ya kira Arzika, mijin Hajjo, wanda ke kan gini a Al-Nasiriya.

"Ka yi ɗa namiji a takarda. Zo ka sa hannu."

Arzika ya tuntsire da dariya. "Ina ɗaukar bulo ana haifa mini 'ya'ya! Barka, ɗan'uwa. Wane asibiti ne?"

Ya faɗa masa. Dariyar ta ɗauke.

"Tamimu, ba ta ce maka kada ka je nan ba?"

"Ba ta ce komai ba. Me ya faru?"

"Inna lillahi. Da katin nan Dije matar mai shayi ta haihu, a asibitin nan, bayan ƙaramar salla. Wata uku ke nan. Mace ɗaya, haihuwa biyu? Ku fita yanzu."

"Da me za ta fita? Yanzu aka ɗinke ta."

Ya leƙa ta gilashin ƙofa. Muhibba na kwance da robar ƙarin ruwa a hannu, fuskarta a buɗe, ba ta ma farfaɗo ba. Makullin mota na aljihunsa, matattakala na hannun hagunsa, babu kowa a kanta. Ya dubi matattakalar, ya koma ya zauna.

Lif ya buɗe. Wani mutum cikin farar jallabiya ya fito riƙe da fayil biyu, bayansa wata mata ɗauke da na'urar dangwala yatsa. Mutumin ya dubi fayil ɗin, ya dubi Tamimu.

"Kai ne ka kawo Hajjo?"