Abin da ke cikin ƙwayar Suwaiba

Kwana tara da rasuwar Suwaiba, uwarta Barakatu ta ƙulle ragowar ƙwayoyin a bakin zane ta hau motar Kiru. Ba kuka take ba. Kukan ma ya ƙi zuwa, zuciyar ta tsaya cik kamar ba tata ba. Abu ɗaya take so a faɗa mata: me aka zuba a maganin nan da ya kashe mata 'ya?

Haihuwar fari ce, don haka a gaban uwarta Suwaiba ta yi jego. Sati uku sai ƙafafu suka kumbura, numfashi ya gagara. Mijinta ya kai ta asibitin Kiru, aka rubuto ƙwayar da ke sa fitsari don ruwan jiki ya fita. Ta sha, ta sha, kumburi sai gaba yake.

Malam Adamu mai ba da magani a asibitin mutum ne mai haƙuri, wallahi har ya yi yawa. Da ta nuna masa ƙwayoyin, ya sauko da gwangwaninsu, ya zaro takardar ciki, ya gyara tabarau.

"Inna, abu ɗaya ne mai aiki, shi ke jan ruwa. Sauran sitaci ne da sukarin madara, don ƙwayar ta dunƙule."

"Sake dubawa."

Ya sake, yana bin layi da yatsa har ƙasa. Babu komai. Can ya ɗago. "Da me take haɗiyewa?"

"Da kunun kanwa mana, mai jego ce fa. Safe da yamma, ni nake dama mata da hannuna. Ko rana ɗaya ban tsallake ba."

Malam Adamu ya cire tabarau. "Inna, kanwa ruwa take riƙewa, kamar gishiri. Ƙwaya na fitarwa, kunu na mayarwa. Ai an ce a daina."

"Wa aka gaya wa?"

Ya ɗauko katin Suwaiba ya duba. "Mijinta."

Lawal kenan. Surukin da bai taɓa haɗa ido da ita ba, wanda in ya hango ta a hanyar rijiya sai ya ratse cikin dawa. To da wane bakin zai ce wa surukarsa ta daina yi wa 'yarta kunu? A zaure ya durƙusa, ya ajiye maganin, ya ce biyu-biyu ake sha, ya sulale. Ita kuwa ta yi ta yaba kunyarsa gidan biki da gidan suna.

Ba ta ji haushinsa ba. Ba ta ji komai ba. Hannunta na dama kawai take kallo.

"Malam, da na daina, da ta tashi?"

"Allah ne masani, Inna."

Ta ɗan jira ko zai ce a'a. Bai ce ba. Ta miƙe, ta yi masa godiya, ta ce ya gaida gida.