Kujerar Fara

Ni dai tunda nake ba a taɓa ɗaukata ba. Ina saurayi na faɗo daga kan rufin bene, ƙafa ta karye, bayan ɗori da sanda na koma aiki. Zarto ya cinye mini yatsa, na ɗaure da tsumma na ƙarasa ƙofar mutane. Ban shiga aji ba, amma duk kafintan da ke layinmu a hannuna ya koyi riƙe guduma, har da babban ɗana da ya gaji shagon.

'Yarsa Fara muke ce mata, don tun tana ƙarama ba ta san tafiya ba sai tsalle. Tana firamare gwiwarta ta dama ta kumbura. Da safe sai ta tashi a sandare kamar busasshen katako, sai rana ta ɗaga jikin ya saki. Uwarta ta ce ƙiwar makaranta ce. Na ce ƙarya ne, na sa aka kai ta asibiti, na bi su.

Likitar ta ce amosanin gaɓɓai ne irin na yara, jiki ne ke faɗa da kansa. Ta yi mata allura a gwiwar, ta ba da ƙwayar da ake sha sau ɗaya a mako, ta ce a riƙa kawo ta gwajin jini, a duba mata ido ko ba ta kuka da shi. Sannan ta nanata cewa a gasa gwiwar da ruwan ɗumi, yarinya ta miƙe ƙafa, ta taka, in ba haka ba gwiwar za ta ƙage a lanƙwashe. Da kunnena na ji. Ɗana yana can yana kallon hawayen 'yarsa, maganin kawai ya ji.

Kafinta kuwa in tausayi ya kama shi, katako yake nema. Na tafi jinyar ƙanena na 'yan watanni, na dawo na tarar da kujera mai taya a tsakar gida. An goge ta sumul, an shafa shuɗin fenti, ga katifa, ga matakin ƙafa da aka auna daidai da lanƙwasar gwiwar don kada ta ji zafi. Aikin ya yi kyau, dole, koyarwata ce. Shi ya ƙara ƙona mini rai. Daga ɗaki zuwa banɗaki tura ta ake yi, ƙannenta har faɗa suke a kan wa zai tura.

Na ce ta taso ta gaida angonta. Ta yi dariya ta ce wannan tsohon ai ta sake shi tuntuni. Ta yunƙura ta miƙe. Diddigen bai taɓa ƙasa ba, ƙafar ta rame kamar ƙotar guduma.

Ban ko sha ruwa ba na wuce shago. A gaban masu ba da aiki na tambayi ɗana abin da likita ta ce. Ya ce magani ba ya fashi, ido ma an duba.

"Baba, in ta taka kuka take yi. Ba zan iya kallo ba."

"To juya baya. Idonka kake jinya ko ƙafarta?"

Ya ce ba kowa ne ni ba, wai ni ban san zafi ba. Na nuna masa dungulmin yatsana, na ce na san shi fiye da shi, shi ya sa na san wanda ke wucewa da wanda ke zama.

Na tasa su gaba muka koma asibiti. Likitar ta lanƙwasa, ta miƙe, ta ɓata fuska. Ta ce gwiwar ta fara ƙagewa amma ba a makara ba, ta haɗa mu da masu gashin ƙashi, ta ce tafiya kullum, kaɗan kaɗan, in kumburi ya taso a sassauta a dawo.

Muna shiga gida na ɗauko guduma na nufi kujerar. Surukata ta tsaya bakin ƙofa tana roƙona in bar wa yarinya abinta. Na zare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, na cire tayoyin na jefa wa ƙannen su yi mota. Katakon na kafe shi a jikin bango, daga ɗakinta har banɗaki, daidai ƙugunta. Fara ta yi kuka, ta ce ni mugu ne. Na ce na ji, kama nan.

Surukata ta daina kawo mini ruwa da kanta, sai aike. Ɗana ya ɗauke mini gaisuwa. Ban damu ba, na sha gaba da waɗanda suka fi su.

Ran nan da safe na ji ƙarar sanfefa. Na leƙo, ga ɗana durƙushe yana goge katakon, wai na bar tsini zai soke ta. Ƙarya yake, ban taɓa barin tsini ba. Fara na can ƙarshen bango, ta riƙe da hannu ɗaya, tana cije leɓe, diddigen na neman ƙasa. Ya miƙe zai je ya ɗauke ta. Na riƙe masa riga.