Igiyar Baranda

Cikin cututtukan da ba a kai mai su asibiti, babu mai wuyar magani kamar aikin ganin ido. Mai wannan cuta yakan wanke abin da baƙo zai kalla, ya manta da wanda zai kwana a ɗakin. Ga yadda ta yi da wani mutum a wani gidan kula da naƙasassu manya.

Gidan ba shi da kyan gani, kowa ya san haka. Daɓensa kaushi gare shi, don kada ƙafa ko taya ta zame. Mariƙan ƙofofinsa dogaye ne, ko da gwiwar hannu aka danna su sai su buɗe. A jikin bangon baranda kuwa akwai wata igiya mai kauri daidai ƙugun mutum, tun daga ɗakunan kwana har ƙofar baya, ta yi baƙi ƙirin da shafar hannu. Duk inda ƙofa take an yi mata ƙulli. Matar da ke riƙe da gidan, wadda kowa ke kira Inna, ita ta ɗaura ta.

A cikin mazauna gidan akwai aminai biyu. Ɗaya gurgu ne, hannunsa guda ma ba ya aiki sosai, ana ce masa Direba. Ɗayan makaho ne ƙaƙƙarfa, ana ce masa Inji. Kullum da safe Inji zai bi igiya har ɗakin Direba, ya kama bayan kekensa. Daga nan ƙafa ta Inji ce, ido na Direba.

"Inji, yau ba ka sha mai ba ne? Tafiyar hawainiya kake."

"Kaya ne suka yi yawa. Direban da ke cinye rabon mutum biyu, ina zai san nauyin kansa?"

Haka za su yi ta yi har su isa inuwar bayan gida. Abu guda ne ba sa wasa da shi, zuwan mai dubawa daga hukuma. Sun sani in aka janye takardar izinin gidan, makafi wani gida za a kai su, guragu wani daban.

Ana sa ran zuwan mai dubawar sai 'yar Inna ta haihu a wani gari mai nisa, haihuwar kuma ta zo da wahala. Dole Inna ta tafi. Ta damƙa makullai a hannun ƙanenta, wanda ya daɗe yana aiki a wani babban otal, har mutanen gidan ke kiransa Ɗan Otal.

"Ka ga an ci, an yi wanka, an sha magani," in ji ta. "Sauran kada ka taɓa."

"Haba Yaya, ni da na tarbi manyan baƙi? Tafi hankalinki kwance."

Ƙurar motarta ba ta kwanta ba ya naɗe hannun riga. Ya sa aka shafe daɓen falo da man ƙyalli har mutum na ganin fuskarsa. Ya shimfiɗa kafet mai laushi a baranda, ya jera tukwanen fure a gindin bango. Ya canza mariƙan ƙofofi da wasu zagayayyu masu ruwan zinariya. Tsofaffin kekuna da sanduna ya tura su bakin ƙofar baya, ya ja labule, ya danna kwaɗo. Igiya kuwa da kansa ya kwance ta, yana toshe hanci. Ma'aikatan jinya suka yi magana, ya ce musu ba su taɓa ganin wuri mai daraja ba shi ya sa.

Da safe Inji ya miƙa hannu, ya shafo bango tsirara.

"Ƙanen Inna, ina igiyata?"

"Baba, wannan ƙazantar? In kana son zuwa wani wuri ka yi kira, a kai ka."

"Tun kana koyon gyaran gado nake kai kaina banɗaki. Yau kuma sai na nemi izini?"

Ɗan Otal ya yi dariya, ya gyara masa wuyan riga, ya wuce.

Mai dubawa ta zo da hantsi, wata gajeriyar mace mai takalmi marar tsini. Ɗan Otal ya tarbe ta da kwat da turare, yana nuna mata furanni. Ko kallonsu ba ta yi ba.

"Na gode. Ina ƙararrawar gobara?"

Ta gaya wa kowa cewa gwaji ne, kada a tsorata. Ta ce ma'aikata su ɗauki marasa iya motsi, masu fita da kansu kuma a bar su su fita yadda suka saba. Sannan ta danna.

Inji ya fito daga ɗakinsa yana lalube. Taku kaɗan ya yi karo da tukunyar fure, ta tarwatse. Ya tsaya cak, bai san gabas ba bare yamma. Can ciki Direba yana ta murɗa sabon mariƙi da hannunsa mai rauni, yana sulɓewa.

"Inji! Bi muryata, ga ni nan."

"Yi ta surutu, yau dai bakinka ya yi rana."

Da ƙyar Inji ya iske ƙofar ya buɗe. Suka hau kafet, tayoyi suka nutse, Inji ya tura har jijiyar wuyansa ta tashi. Da suka kai ƙofar baya, sai ga tulin kekuna da kwaɗo.

Mai dubawa ta juya ta dubi Ɗan Otal. Bai jira ta yi magana ba, ya kwasa a guje zuwa ofis neman makulli. Yana taka daɓen falo ƙafafunsa suka yi sama, bakinsa ya sauka a gefen tebur. Ya yi yunƙurin tashi, santsi ya sake kwashe shi.

"Mene ne ya faɗi haka kamar buhu?" in ji Inji.

"Mai otal ne. Juya dama, mu je mu kwaso shi. A hankali, wurin nan ya fi sabulu."

Inji ya tuɓe takalmansa, ya shiga falo yana jan ƙafa, Direba na gaya masa hanya. Ya cicciɓi Ɗan Otal ya ɗora shi a kan ɗaya daga cikin tsofaffin kekunan da shi Ɗan Otal ɗin ya ɓoye. Ma'aikaciyar jinya ta danna masa auduga a baki.

"Da wuta ce ta gaske," in ji mai dubawa, "da yanzu ba magana muke ba. Ban ga yadda zan bar gidan nan a buɗe ba."

Sai Inji ya ce, "Malama, ba ni hannunki."

Ta ba shi. Ya ɗora tafinta a bango daidai ƙugu, ya ja ta a hankali. Ta ji ramukan ƙusoshi a jere, ta ga dogon layin da hannuwa suka goge har fenti ya yi sulɓi.

"Gidanmu ke nan," in ji shi. "Wanda kika gani yau, mu ma baƙi ne a cikinsa."

Ta janye hannunta daga bangon. Daga baya ta ce za ta dawo ba tare da sanarwa ba, kuma ƙararrawar nan dai za ta sake dannawa.

Inna ta dawo ta iske ƙanenta a durƙushe yana kankare daɓe da buroshi. Ba ta ɗaga murya ba. Hannu kawai ta miƙa, ya sa mata makullai. Da mai dubawa ta sake zuwa, kafin ƙararrawa ta yi shiru Direba da Inji suna inuwar bayan gida, suna gardamar wanda ya ɓata wa wani lokaci. Aka sabunta takarda.

Ɗan Otal kuwa ga abin da ya rasa. Haƙorin gaba guda. Makullan gida, da amanar yayarsa, wadda ba ta sake barin masa ko tsaron ƙofa ba. Kafet ɗinsa aka yanka aka yi wa kyanwar gidan shimfiɗa. Sunansa ma bai tsira ba, don daga ranar Santsi ake kiransa. Igiyar da ya kwance yana toshe hanci, shi ya mayar da ita, Inji na biye da shi yana shafa kowane ƙulli, yana cewa wannan bai ɗauru ba, a sake.